Ban-Haƙurin da Na Kai Ba a Aike Ni Ba

A Apo an san ni da abu biyu: buga bodin mota da iya ba da haƙuri. Na farkon na koye shi a Zariya, wajen wani maigida mai zafin hannu. Na biyun Abuja ce ta koya mini, kuma shi ne ya kusa jefa 'yata gidan yari.

Na shigo garin nan lokacin da gwamnati ke tasowa daga Legas. Tireloli suna ta shigowa da teburan ofis, ma'aikata na biye da su cikin motocinsu da suka sha hanya, wata ba fitila, wata an ɗaure ƙofarta da igiya. Mu kuma muna bakin titi da guduma muna jiransu. Aiki kam akwai shi. Abin da babu shi ne wurin da za ka ce naka ne. Yau ka kafa rumfa, gobe a zo a ce nan titi zai bi, ko a ce filin wani oga ne da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. An tashe mu daga wuri zuwa wuri kafin mu tare a Apo. Gida kuwa na kama shi a Karmo, a filin wani manomi Bagwari wanda ya zama aminina. Tun ranar da na sauka yake kirana Baƙo, har yau da muka yi furfura tare, ni kuma ina ce masa Maigari.

A irin wannan zama dole mutum ya koyi durƙuso. Idan an kwashe kayan aikinmu, ko an kama ɗaya daga cikinmu, ni ake turawa. Kuma abin yana da tsarinsa. Da safe ake zuwa, kafin ran mai gida ya ɓaci da wani abu. Ka tafi da dattijo ko biyu. Ka cire takalmi tun daga nesa. Kada ka yi musu, kada ka kawo hujja, ka ɗauki laifin gaba ɗaya ka ɗora a kanka: ranka ya daɗe, mu ne da laifi. Ko da motarsa ce ta bugi taka tana tsaye. Kowa a wurin ya san ba gaskiya aka zo nema ba. Shi babba a ba shi girmansa, kai kuma ka tafi da kayanka. Maganar da aka yi tana mutuwa a ɗakin da aka yi ta. Haka na sani, kuma haka na ciyar da iyalina shekara da shekaru.

'Yata ta fari malamar makaranta ce. Ba na kiran sunanta, ko a gida, kunyar 'yar fari ce irin tamu ta mutanen da. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gabana da 'ya'yanta biyu, tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi. Ba ta da hayaniya, amma idan ta ga abu da idonta, ba mai sa ta ta ce ba ta gani ba. Wannan halin uwarta ne, Allah ya jiƙanta.

A ƙasan layinmu akwai hanyar ruwa tun kafin mu zo. Wani mai kuɗi ya sayi filin wurin ya ɗora dogon ginin shaguna a kai. Da damina ta faɗi, ruwan sama na farko mai ƙarfi ya rasa inda zai bi, ya dawo cikin gidaje. Katifu, buhunan masarar Maigari, littattafan jikokina, duk suka jiƙe. 'Yar tawa ta ɗauki wayarta ta bi ruwan tana ɗauka, tun daga ƙofar gidanmu har zuwa inda ya tsaya a gindin bangon ginin. Ta ce a cikin bidiyon, wannan ginin ne ya toshe hanyar ruwa. Ta sa a intanet. Bidiyon ya bazu fiye da yadda ta zata.

Ina gareji, kaina a ƙarƙashin wata mota, Maigari ya kira ni. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Baƙo, ka zo maza. An zo an ɗauki yarinyarka, an tafi da shi har da wayarsa."

Mai ginin ne ya kai ƙara, wai ta ɓata masa suna ta intanet, ta tayar da hankalin jama'a da ƙarya. A caji ofis wani ya gaya mini cewa laifin yana da ɗauri. Ban ji sauran abin da ya faɗa ba.

Wata abokiyar aikinta ce ta sanar da wata ƙungiya ta lauyoyi masu kare mutanen da aka kama kan abin da suka faɗa ta waya. Ban taɓa sanin akwai irinsu ba. Mutum biyu suka zo. Ɗaya lauya ce, mace siririya mai tabarau, tana Hausa tana haɗawa da Turanci. Ɗayan kuma wani ƙaton Bayarabe ne da aka haifa a Kano, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Na tambaye shi ko shi ma lauya ne.

"A'a, Baba. Ni bakinsu ne. Su suna shiga kotu, ni ina gaya wa duniya abin da ya faru."

Na ji daɗin wannan. Na ce a raina, to, an samu mai ihu.

Lauyar ta ja ni gefe ta ce, "Baba, abu biyu nake roƙo. Kada ka yi wa kowa magana kan wannan shari'a, ko ɗan jarida ko maƙwabci. Kuma don Allah kada ka je wajen mutumin nan."

Na ce to, Barista. Na faɗe shi ne irin yadda muke ce wa mai mota to idan ya ce a gama masa yau.

Washegari a gareji aka buɗe shafin ƙungiyar a wayar wani mai fenti, muka taru a kansa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina karanta Hausa, kuma sun sa sanarwar da Turanci da Hausa. Layi huɗu ne ko biyar. An tsare wata malamar makaranta a Abuja saboda bidiyon ambaliya da ta wallafa. Lauyoyinmu sun gan ta, tana cikin ƙoshin lafiya. Za mu nemi belinta. Abin da muka sani ke nan yanzu.

Ba sunanta, ba hotonta, ba sunan unguwa, ba sunan mai ginin. Mai fentin ya juya wayar ya duba bayanta, wai ko sauran yana can.

"Oga, ai ko cigiyar akuya ta fi wannan. Ita akuya ana faɗin launinta."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Wani mai gyaran birki ya ce irin waɗannan ƙungiyoyin sai 'ya'yan manya suke yi wa ihu, mu namu layi huɗu ne. Maganar ta zauna mini a ciki. Na kira Bayaraben na ce masa, kai da ka ce kai ne baki, ina bakin? Ya ce, "Baba, ita ce ta ce kada a sa sunanta, saboda makaranta da yaranta. Mu ba ma fitar da abin da wanda muke karewa bai yarda ba. Kuma ba ma faɗin abin da ba mu tabbatar ba." Na ji shi, amma abin da na ɗauka shi ne ba su da ƙarfi. 'Yata tana kwana a kan siminti, su kuma suna auna kalmomi kamar masu sayar da zinariya.

Sai na yi abin da na iya.

Na ɗauki Maigari da wasu dattawan layi biyu muka tafi gidan mai ginin da safe. Maigari bai so ba. A hanya yana ta gunaguni, wai masararsa ce ta ruɓe, kuma shi ne zai je ya ba da haƙuri. Na ce masa shi manomi ne, bai san Abuja ba. Ya ce, "Ni ban san Abuja ba? Baƙo, a gonar kakana aka gina shi."

Mun jira har rana ta ɗaga kafin a shigar da mu. Mutumin bai yi kama da mugu ba. Ya gaishe mu da ladabi, ya sa aka kawo lemo. Na cire takalmi na durƙusa, na fara karanto abin da bakina ya saba. Ranka ya daɗe, yarinya ce. Ƙuruciya ce da zugar waya. Abin da ta faɗa ba haka yake ba. Ruwa na Allah ne, ba gini ne ya kawo shi ba. Mu ne da laifi da ba mu tsawata mata ba. A yi mana afuwa.

Yarinya, na ce, ga mace mai 'ya'ya biyu da ke koyar da 'ya'yan mutane.

Ina cikin magana Maigari ya zungure ni da gwiwar hannu. Ya raɗa mini, "Baƙo, wancan mutum, wayarsa yana kallonka." Na ɗaga ido na ga wani a tsaye bayan kujerar mai gidan, ya riƙe waya a ƙirjinsa. Na ɗauka saƙo yake dubawa. Ko da ma na san ɗauka yake yi, ban tabbata zan tsaya ba. A wurina maganar ɗaki ce, kuma maganar ɗaki ba ta fita.

Mai ginin ya ce, "Ba komai, Baba, tashi. Za a duba." Na fito ina jin na yi aiki. Har na saya wa Maigari gasasshiyar masara a hanya don in tsokane shi.

Kafin la'asar mai fentin ya zo ya tsaya a kaina, ya miƙo mini waya. Ga ni nan a durƙushe, hulata ta karkace, muryata tana cewa abin da ta faɗa ba haka yake ba. An rubuta a sama cewa mahaifinta da kansa ya amsa ƙarya ta yi. A ƙasa mutane suna ta rubutu. Wasu na zaginta, wasu na zagina, wasu na cewa Allah ya raba mu da 'ya'yan zamani masu sa iyayensu durƙuso. Na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Kuma ba a janye ƙarar ba. Za a duba ɗin ke nan.

Abin da ban sani ba shi ne, duk lokacin da nake ganin lauyoyin ba sa komai, takardun beli sun riga sun shiga. Aka kai ta kotu, aka karanta mata tuhuma, ta ce ba ta aikata ba, alƙali ya ba da belinta. Ta dawo gida ta rame, ta rungume yaranta. Ni kuma ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, "Baba, ina wuni," ta tashi ta shiga ɗaki. Ta riga ta ga bidiyon a wayar lauyar. Makaranta ta aiko cewa ta zauna a gida sai an ga yadda shari'a ta ƙare. Abinci tana dafawa, a kawo mini, amma magana ba ta wuce gaisuwa. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwanaki kaɗan lauyar da Bayaraben suka zo gidan da hantsi. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, inda har lokacin akwai alamar ruwa a jikin bango. Na shirya jin zagi. Maigari ya shigo ba a kira shi ba, ya zauna a kan turmi, wai ya zo ganin yadda ake yi wa baƙo hukunci.

Lauyar ta ce, "Baba, ba faɗa muka zo yi ba. Abin da ya faru ya faru. A kotu ina da abin da zan ce, domin kai ba kai ake tuhuma ba, kuma ba ita ta aike ka ba. Amma 'yan jarida suna ta kiranmu kan bidiyon, idan muka yi shiru za a ɗauka mun yarda. Dole mu ce wani abu. Ƙa'idarmu ita ce sai mun karanta wa wanda muke karewa kowace kalma kafin ta fita. Tunda wannan ta shafe ka, kai ma sai ka ji."

'Yar tawa ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ba ta kalle ni ba. Bayaraben ya buɗe wayarsa ya gyara murya. Abin da ya rubuto yana da zafi. Ya ce an yi amfani da wani tsoho marar sanin doka, an yaudare shi, an ɗauki hotonsa cikin wulaƙanci don a murƙushe 'yarsa. Yana karantawa ina jin sanyi a raina, don ya wanke ni tas. Ya ce, "Wannan idan ya fita, kafin yamma ya zagaye gari. Mutane za su dawo bayanmu."

Lauyar ta cire tabarau ta dube ni. "Baba, wani ya kira ka zuwa gidan?"

Na ce a'a.

"An yi maka alƙawarin wani abu kafin ka yi magana? An gaya maka abin da za ka faɗa?"

Na dubi Maigari. Da ya yi shiru, wataƙila da na ɗan lanƙwasa maganar. Sai ya ce, "Kada ka kalle ni, Baƙo. Da ƙafarka ka je, har ka ja ni."

Na ce, "Ba wanda ya kira ni, Barista. Ba wanda ya sa mini magana a baki."

Ta juya wajen abokin aikinta. "To, yaudara ta fita. Ba za mu iya tabbatar da ita ba, kuma gobe lauyansu zai ɗaga ta a gaban alƙali ya ce mu ma ƙarya muke yi."

Ya yi ƙorafi. Ya ce kullum haka take yi masa, ya kawo miya da yaji ta tsame yajin ta bar masa ruwa. Ta ce ruwan ne ba ya ƙona kowa. Ya goge, yana girgiza kai.

Sai 'yar tawa ta yi magana, karo na farko.

"A cire marar sani ma."

Bayaraben ya ce, "Malama, ai don a tausaya masa ne."

"Ba na so a tausaya masa da wannan. Babana ba marar sani ba ne. Ya san abin da ya sani, da shi ya ciyar da mu. Wurin ne ba nasa ba." Har lokacin ba ta kalle ni ba. Ni kuwa sai na sami kaina ina duban ƙasa, ina wasa da bakin tabarma.

Suka yi ta gyara, a karanta, a sake. Abin da ya rage a ƙarshe gajere ne. Wani dattijo daga iyalin wadda muke karewa ya je neman sulhu bisa al'ada, saboda tsoron halin da take ciki. Ba da yawunta ya yi magana ba. Ita tana nan a kan abin da ta faɗa. Kotu ce za ta yanke hukunci, kuma muna roƙon jama'a su bar dattijon ya huta.

Lauyar ta ce, "Baba, akwai kalmar da ba gaskiya ba a ciki?"

Na ce tsoron nan bai yi mini daɗi ba. Namiji kamata a ce wa duniya ya ji tsoro.

"To me ya kai ka?"

Na ce to, a bar tsoron a ciki.

Kafin su tashi na ce musu ni ma a ɗauke ni a waya, in fito in ce na janye, in faɗi cewa gaskiya 'yata ta faɗa. Su biyun suka ce a'a a tare, har Maigari ya fashe da dariya. Bayaraben ya ce, "Baba, fim ɗaya ya isa. Ka bar mana bakin, kai ka riƙe guduma."

Sanarwar ta fita. Ba ta zagaye gari kafin yamma ba. Amma zagin ya ragu, kuma 'yan jaridar da suka fara nemana har gareji suka daina zuwa, don ba abin da ya rage da za su tono.

Shari'a ta ja. A je, a ɗaga, a koma. Bayan kowane zama ƙungiyar tana fitar da 'yan layukanta, kuma Bayaraben yana yin saƙon murya da Hausa don irinmu da karatu ke ba wahala. Tsarin bai taɓa canzawa ba: ga abin da ya faru yau, ga abin da ke gaba, ga abin da ba mu sani ba tukuna. Bai taɓa cewa za mu yi nasara ba, ko da na matsa masa a waya. Sai ya ce, "Baba, alƙali bai gaya mini ba." A gareji mutanen da suka yi dariyar cigiyar akuya su ne suka koma tambayata, Oga, yau me suka ce? A ajiye guduma, a kashe injin walda, a kunna muryar. Mai gyaran birki ya ce abin da ya sa yake saurare shi ne bai taɓa kama su da ƙari ba.

Akwai ranar da suka yi kuskure. Sun ce mai ƙara bai zo kotu ba, alhali ya zo a makare bayan an ɗaga zaman. Washegari suka fitar da gyara. Jiya mun ce bai zo ba, ba daidai ba ne, ya zo bayan an tashi, muna ba da haƙuri kan wannan. Na sa aka sake kunna mini. Na yi shekaru ina ba da haƙuri a garin nan, ban taɓa jin an ba da shi haka ba. Sun faɗi abin da suka ɓata, iyakarsa, ba su ɗauki laifin da ba nasu ba, ba su kuma ɗora wa wani ba.

Ranar da lauyan mai ƙara ya tashi ya ce yana so a kalli bidiyona, ina zaune a bencin baya. Barista ta miƙe ta yi magana da Turanci, ba ta ɗaga murya ba. Daga baya ta fassara mini: mutumin da ke cikin bidiyon ba shi ake tuhuma ba, ba a kira shi shaida ba, kuma roƙon uba ba ya zama amsa laifin 'ya. Alƙalin ya ƙi karɓa. Na fita waje na nemi famfo na wanke fuskata, na daɗe a tsaye a wurin.

Daga nan ɓangaren mai ƙara suka fara sanyi. Maƙwabta sun kawo hotunan ruwan da suka ɗauka a wayoyinsu, Barista ta nemi a kawo takardun izinin ginin. Aka daina ganin mai ginin, aka daina ganin shaidunsa. Ranar ƙarshe alƙali ya kori ƙarar, ya ce a mayar mata da wayarta.

A harabar kotu na kama hannun Bayaraben na ce, to yau kam sai ka yi ihu. Ka ce mun kayar da shi, ka ce gaskiya ta yi halinta. Ya dubi lauyar, ta ɗaga masa gira, ya yi ajiyar zuciya. A nan tsaye, a inuwar wata bishiya, ya karanta wa 'yar tawa abin da zai fita. Kotu ta kori ƙarar da aka shigar kan malamar, saboda masu ƙara sun daina zuwa. Kotu ba ta yanke hukunci kan ginin ba. An ba da umarnin mayar mata da wayarta. Ba ni a ciki ko kaɗan, kuma na gode wa Allah da haka.

Ya tambaye ta ko yanzu tana so a sa sunanta. Ta ce a'a. Amma ta ce a ƙara layi ɗaya, cewa hanyar ruwan har yanzu a toshe take. Lauyar ta ce, "Kin gani da idonki?" Ta ce da safen nan ta bi ta wurin. Aka ƙara.

A motar haya da za mu koma gida ta zauna kusa da ni. Can sai ta ce, "Baba, hular nan da ka sa a bidiyon, ka daina sa ta. Ba ta yi maka kyau." Na ce ai uwarta ce ta saya mini. Ta ce ta sani, ita ma ta sha gaya mata. Muka yi dariya har direba ya waiwayo. Makaranta ta kira ta ta koma aiki a makon da ya biyo.

Ba zan ce ban-haƙuri ba shi da amfani ba. Ya fitar da mutane da yawa daga hannun hukuma a gabana, kuma ko gobe aka kwashe kayan wani a Apo zan je. Amma yanzu ina duba hannun kowa kafin in buɗe baki, kuma na daina ɗaukar laifin da ban san girmansa ba. Ina roƙon duk uban da ya karanta wannan, idan tsoro ya kai ka ƙofar wani, ka roƙi afuwa da sunanka kai kaɗai. Kada ka ce ɗanka ya yi ƙarya alhali kai ma ruwan ya shiga ɗakinka.

Maigari har yau bai bar ni na huta ba. Duk lokacin da hadari ya haɗo, sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Baƙo, ruwa yana zuwa. Ka je ka ba shi haƙuri."